Ba ciwo kaɗai ke tara layin ganin likita ba

Ranar da na kai gwaggona asibiti, sai da muka yi ta ja-in-ja tun daga gida har cikin mota. Kwana huɗu ke nan kanta yana sara, idonta na hagu ya kaɗa ya yi ja, amma duk wanda ya ce "Gwaggo ya jiki?" amsa ɗaya ce: "Da sauƙi." Da muka shiga, likitan ya ɗaura mata abin awon jini, ya duba, ya kwance, ya sake ɗaurawa a ɗaya hannun. Sannan ya ce, "Hajiya, yaushe rabonki da ganin likita?" Ta ɗan yi lissafi da yatsu ta ce tun shekarar da aka yi wa autarta aure. Shekara shida ke nan. A duk tsawon lokacin tana shan maganin hawan jini, amma yaron kemis ɗin bakin layinsu ne ke ba ta, wani lokaci na kwana goma, wani lokaci na kwana uku, gwargwadon abin da ke ƙulle a bakin zaninta. Da muka fito ta ce da ni, "Kai yaro, kuɗin kati da na gwajin nan ai da sun saya mini maganin wata biyu."

Da a ce wani mai ƙididdiga zai rubuta labarinta, cewa zai yi wannan baiwar Allah ta ga likita sau ɗaya a shekara shida. Wanda ya karanta daga nesa yana iya cewa lafiyarta ƙalau.

A daidai waɗannan shekarun, ɗan Koriya ta Kudu yana ganin likita tsakanin sau 15 zuwa 18 a kowace shekara, idan aka raba yawan zuwan da yawan jama'ar ƙasar. Wannan shi ne adadi mafi yawa a alƙaluman ƙungiyar OECD, wadda ta haɗa galibin ƙasashe masu arziki. Japan tana biye da kusan sau 11 zuwa 12, Jamus wajen 9 zuwa 10, matsakaicin ƙasashen ƙungiyar kuma bai wuce 6 zuwa 7 ba. Can ƙasan jerin sai ka tarar da Suwidin, inda mutum ba ya cika sau 3 a shekara.

To, ɗan Koriya ya fi ɗan Suwidin ciwo ninki shida ne? Ko alama. Dukansu biyun suna sa ran rayuwa wajen shekara 83. Ko kuwa likitoci ne suka yi wa Koriya yawa har suke neman marasa lafiya? Nan ma akasin haka ne: Koriya tana da likita kusan 2.6 ga kowane mutum 1,000, Suwidin kuwa tana da fiye da 4. Cikin biyun, ƙasar da ta fi ƙarancin likitoci ita ce ta fi yawan ganin likita. Ra'ayina a kan wannan lamari daga nan ya taso. Yawan zuwa wurin likita ba ma'aunin ciwo ba ne, ba kuma ma'aunin kyawun kiwon lafiya ba ne. Abu ne da hukuma ke ƙerawa da hannunta, ta hanyar yadda take biyan likita, da wanda ta ajiye a bakin ƙofa, da abin da take cajin mara lafiya, har ma da irin takardun da take tilasta wa mutane su nemo.

Mu fara da aljihun likita, don a ganina shi ne babba. A Koriya yawancin asibitoci da ƙananan dakunan shan magani na 'yan kasuwa ne, hukumar inshorar ƙasa kuma ita ke yanke farashi, tana biyan likita a kan kowane zuwa da kowane aiki. Farashin da aka yanke wa duba mara lafiya kaɗan ne. Likitan da ke son biyan hayar gini da albashin ma'aikatansa ba shi da wata dabara sai ya duba mutane da yawa cikin ɗan lokaci, ya kuma ce su dawo. Su kansu 'yan ƙasar suna yi wa abin laƙabi da "dubawar minti uku". A rubuta maka maganin kwana uku, ka dawo a sake dubawa, a ƙara maka na kwana uku. Mura ɗaya sai ta haifi zuwa biyu ko uku. Ba na ce likitocin macuta ba ne. Idan kiɗa ya canza rawa ma canzawa take yi, kuma hukuma ce ta zaɓi kiɗan.

A Suwidin likitan cibiyar lafiya ta unguwa albashi yake ɗauka. Ko ya ga mutum goma ko ya ga talatin, abin da zai shiga asusunsa a ƙarshen wata bai canza ba. Kafin ma ka kai gare shi, za ka buga lambar 1177 ko ka kira cibiyarku, malamar jinya ta saurare ka, ta ce ka sha abu kaza ka huta, ko ta ce ka zo ita ta duba ka, ko ta ba ka rana da likita. Awon ciki ungozoma ce ke yi, bibiyar mai ciwon suga da mai asma sau da yawa nas ce ke yi. Duk waɗannan ba sa shiga lissafin "ganin likita". Idan kuwa ka samu likitan, zama ake yi na gaske. Wani nazari da mujallar BMJ Open ta buga a 2017, wanda ya tattara bayanai daga ƙasashe 67, ya nuna cewa zaman mara lafiya da likitan farko a Suwidin yana kai minti 22 da rabi, a Bangaladash kuwa daƙiƙa 48. Ka ga ke nan kalmar "ganin likita" ma ba abu ɗaya take nufi ba a ko'ina. Wani wurin tattaunawa ce, wani wurin kuwa leƙe ne.

Kada a ɗauka yabon Suwidin nake yi kai tsaye. Mutanen can suna kuka da jira, kamar yadda na Birtaniya ke kuka da rububin buga waya ƙarfe takwas na safe don samun gurbin ganin likitan unguwa. Ƙasar da ba ta karɓar kuɗi mai yawa a bakin ƙofa, sau da yawa da lokacinka take cajinka. Ɗan Koriya kuwa yana iya tashi da safe da ciwon kunne, ya taka zuwa wurin ƙwararren likitan kunne a layinsu ba tare da takardar kowa ba, kafin azahar ya dawo gida da magani. Wannan ba ƙaramin jin daɗi ba ne, kuma duk wanda ya taɓa kwana a bencin asibiti ya san haka.

Sai dai jin daɗin yana da kuɗinsa. Abin ya kai ga hukumar Koriya ta gano akwai mutanen da ke zuwa asibiti fiye da sau 365 a shekara, wato sun fi kwanakin shekarar yawan zuwa. Daga watan Yulin 2024 aka kafa doka cewa wanda ya haura wannan adadi zai riƙa biyan kashi 90 cikin 100 na kuɗin daga aljihunsa. A shekarar dai, cikin Fabrairu, dubban ƙananan likitoci suka ajiye aiki saboda gwamnati ta ce za ta ƙara gurabe 2,000 a kan 3,058 da makarantun koyon likitanci ke ɗauka duk shekara. Gwamnati na cewa likitoci sun yi kaɗan, likitocin na cewa ba yawansu ne matsalar ba, yadda ake biyan aikin ne ya sa kowa ke gudun ɓangaren yara da haihuwa da agajin gaggawa yana komawa gyaran fata. Ni a ganina kowannensu yana riƙe da rabin gaskiya.

Japan ta riga ta ɗanɗana irin wannan tun da daɗewa. Tun 1961 inshorar lafiya ta game kowa a ƙasar, sannan a 1973 aka mayar da magani kyauta ga duk wanda ya kai shekara 70. Ba a jima ba ɗakunan jiran asibitoci suka zama majalisar tsofaffi. Har akwai wata barkwanci da Japanawa ke yi: tsofaffi na zaune a ɗakin jira, ɗaya ya ce, yau wance ba ta zo ba, ɗayan ya ce, ƙila ba ta jin daɗi ne. A 1983 aka dawo da ɗan abin da za su riƙa biya. Yau mai aiki yana biyan kashi 30 cikin 100, galibin waɗanda suka haura 75 kuma kashi 10. Amma a yi wa Japan adalci: kusan kashi 29 cikin 100 na mutanenta sun kai shekara 65, kuma tsufa kaya ne da ba a sauke shi a zuwa ɗaya. Akwai kuma wani ƙaramin abu da ba a cika lura da shi ba. Sai a watan Afrilun 2022 Japan ta yarda da takardar magani da za a iya sake karɓar magani da ita ba tare da komawa wurin likita ba. Kafin nan mai hawan jini, ko da lafiyarsa ƙalau, idan ƙwayarsa ta ƙare sai ya je an sake rubuta masa.

Wannan ya kawo ni ga takarda. A Jamus doka ta ce ma'aikacin da rashin lafiya ta hana shi aiki fiye da kwana uku sai ya kawo shaidar likita, mai gidansa kuma yana da ikon neman ta tun ranar farko. A Birtaniya kuwa kwana bakwai na farko mutum shi ke shaidar kansa. Ka ɗauki Bajamushe da Baturen Ingila masu mura iri ɗaya: ɗaya dole ya je ya zauna a ɗakin jira yana yi wa jama'a atishawa don ya samo takarda, ɗayan yana kwance a gida da shayinsa. A littafin ƙididdiga, na farkon ya "buƙaci" likita. Jamus ta gane haka a lokacin korona, ta bari ana bayar da takardar ta waya ga ƙananan cututtuka, a Disambar 2023 kuma ta mayar da tsarin na dindindin.

Yanzu ga inda nake rabuwa da masu tsara manufofi da yawa. Duk lokacin da aka ga layi ya yi tsawo, abin da ke fara zuwa musu a rai shi ne a sa kuɗi a bakin ƙofa, wai don a kori masu zuwan banza. Jamus ta gwada. Daga 2004 mai inshorar gwamnati yana biyan Yuro 10 a zuwansa na farko cikin kowane wata uku. Aka shekara tara ana yi, zuwan bai ragu yadda aka yi zato ba, ma'aikatan dakunan likitoci suka koma masu karɓar kuɗi da rubuta rasit, kuma aka yi ta nuna damuwa cewa marasa ƙarfi ne ke fasa zuwa. A Nuwambar 2012 majalisar dokokin ƙasar ta soke shi ba tare da ƙuri'ar adawa ko ɗaya ba.

Hujja mafi ƙarfi a kan wannan daga Amurka ta fito. Tsakanin shekarun 1970 zuwa 1982 cibiyar bincike ta RAND ta raba dubban mutane ta hanyar ƙuri'a: wasu magani kyauta, wasu su biya kashi 25, wasu 50, wasu har 95 cikin 100. Masu biya da yawa sun yi amfani da asibiti ƙasa da waɗanda aka ba kyauta da kusan kashi 30 cikin 100. Masu son a sa kuɗi a nan suke tsayawa da karatu, su ce kun gani, kayan banza ba ya ƙosar da mutane. Amma sauran sakamakon shi ne mai muhimmanci. Masu biya sun rage zuwan da ba shi da amfani, sun kuma rage wanda ke da amfani, kusan daidai wa daida. Kuma talakawa masu hawan jini da aka ba kyauta jininsu ya fi daidaita. Dalilin a bayyane yake. Mara lafiya ba likita ba ne. Ba shi da yadda zai bambance ciwon kan gajiya da ciwon kan da ke gaban shanyewar ɓarin jiki. Idan ka ce ya biya kafin a faɗa masa wanne ne, ka ɗora masa aikin da ya zo neman a yi masa. Gwaggona ta yi wannan lissafin shekara shida, kuma duk lokacin kemis ne ke cinyewa.

A Afirka an yi gwajin a fili, ba da ƙuri'a ba. Bayan matsin tattalin arzikin shekarun 1980 da Shirin Bamako na 1987, wanda ya ce jama'a su riƙa biyan wani abu na kuɗin magani, biyan kuɗi a asibitin gwamnati ya zama ruwan dare. A Gana har suna aka sa wa tsarin, wanda ma'anarsa ita ce kuɗi hannu magani hannu, sai a 2003 aka kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa don a rabu da shi. Yuganda ta soke kuɗin a Maris na 2001, nan da nan asibitoci suka cika, mafi yawa da talakawa. Nijar ta mayar da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar da aikin fiɗar haihuwa kyauta tsakanin 2005 da 2006, Saliyo ta bi a 2010, Burkina Faso a 2016. Ko'ina labarin ɗaya ne, ana cire kuɗi sai uwaye su fito da yara. Ba wata annoba ce ta ɓarke a daren da aka sa hannu a takardar ba. Yaran da ma suna nan a ɗaki da zazzaɓinsu, ana shafa musu ruwan sanyi ana jiran gobe.

Amma kyautar ma tana da nata tarko, kuma Nijar ta faɗa ciki. Gwamnati ce ya kamata ta riƙa biyan asibitoci kuɗin da suka kashe wa yaran, biyan ya riƙa jinkiri, bashi ya taru, kantar magani ta bushe. Uwa ta zo, an duba ɗanta kyauta, an miƙa mata takarda ta je waje ta saya. Ta yi haka sau biyu, na uku ba za ta ɓata kuɗin mota ba, kai tsaye wurin mai maganin za ta nufa. Wato abin da ke kawo mutum wurin likita ba arahar kati kaɗai ba ce, har da yaƙinin cewa zai tarar da likitan, zai kuma dawo da magani.

Shi ya sa nake jin haushi idan na ji jami'i a Najeriya yana cewa an gina asibitin sha-ka-tafi amma "mutanenmu ba sa zuwa", sai a jingina abin ga jahilci ko al'ada. Ban ce babu al'ada a ciki ba. Bahaushe yana ganin dauriya mutunci ce, mai ciwo ba ya cewa komai sai "da sauƙi" ko da ana juya shi ne a shimfiɗa, ɗori ma wani ya fi yarda da maɗorin gargajiya, akwai kuma matar da sai ta jira izinin mai gida, ko wadda ba ta son namiji ya duba ta. Duk gaskiya ne. Sai dai da aka tambayi matan kansu a babban binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018, abin da ya zo kan gaba cikin matsalolin da ke hana su zuwa asibiti shi ne kuɗin magani, kusan rabinsu suka ambace shi, sai nisa, neman izini kuwa can baya ya zo. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mara lafiya yake fitowa, ba sai an je neman dalili a al'ada ba. Wani likita ɗan Birtaniya, Julian Tudor Hart, ya rubuta tun 1971 cewa kulawa mai kyau ta fi ƙaranci a inda aka fi buƙatarta, musamman inda aka bar wa kasuwa ragamar. Ma'aikatan haƙar kwal na yankin Wales yake dubawa a lokacin, amma ko a ƙauyukanmu ya zauna abin da zai rubuta ke nan.

Abin da ya sa labarin Koriya da Suwidin ya shafe mu shi ne dokar 2022 da ta mayar da inshorar lafiya wajibi a Najeriya, jihohi kuma suna ta kafa nasu hukumomin taimakekeniya. Duk wanda ke zaune yana tsara yadda za a biya asibiti, ko ya sani ko bai sani ba, shi ke yanke tsawon layin da za a gani nan da shekara ashirin. Idan aka ce a biya kan kowane zuwa, za mu ga "dawo jibi" da ƙarin ruwa da allurar da ba a buƙata. Idan aka ce a ba asibiti ɗan kuɗi ƙayyadadde duk wata a kan kowane mutum da ya yi rajista, kamar yadda tsarin tarayya ke yi a matakin farko, kuma kuɗin ya yi kaɗan ko ya makara, za mu ga abin da masu katin inshora suka riga suka sani: a bar ka a benci har masu biyan tsaba su gama, sannan a ce maganinka babu. Na farko yana kumbura layi, na biyu yana korar mutane a ɓoye.

Da za a tambaye ni, hanyar Suwidin ta fi kama da ƙarfinmu, ko da ba mu da arzikinta. Ƙasar da ke da likita kusan 4 ga mutum 10,000 a takarda, kuma kullum suna ficewa zuwa Birtaniya da Saudiyya, ba za ta iya wasan Koriya ba. Mai hawan jini ba ya buƙatar likita duk wata. Yana buƙatar nas ko jami'in lafiyar al'umma kusa da gida, da abin awon da ke aiki, da maganin wata uku a hannu ɗaya, da likitan da za a tura shi wurinsa idan awo ya ƙi sauka. Ƙofar farkon nan kuma a bar ta ba kuɗi, ko da za a sa kuɗi a kan wanda ya tsallake ta ya nufi asibitin koyarwa da mura. Japan ma haka take yi yanzu: wanda ya je babban asibiti ba da takardar turawa ba yana biyan ƙarin aƙalla Yen 7,000.

Gwaggo dai an canza mata magani, an ce ta dawo bayan mako huɗu. Da ranar ta zo na kira ta da safe na ce ga ni nan zuwa. Ta ce, "Kada ka wahalar da kanka, ɗana. Na aika da kwalin an nuna wa yaron nan, ya ce yana da irinsa."